Tufka da warwara: yaya ake tsai da shawara in tsoron asara ya tare hanya?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka san halayyar ɗan Adam, da waɗanda yanke shawara ce aikinsu na kullum. Mutum ne yake da hanya biyu a gabansa, a ce barin aikin da yake yi zuwa wani, ko zuba wani kaso na abin da ya tara a cikin sana'a. Ya yi bincike, ya buga lissafi, ya ji ta bakin mutane, amma da zarar ya ce ya tsai da magana sai "to in abin bai yi ba fa?" ta mayar da shi inda ya faro. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara. Ta yaya ake bambance tsoron da ya kamata a saurara da wanda cin lokaci ne kawai? Kuma a wace gaɓa mutum zai ce tunanin ya isa haka? Don Allah ba "ka daure kawai" nake nema ba, hanya nake so wadda za a iya bi daki-daki.

Ɗan Ƙididdiga:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko, zuciya ba ta auna riba da asara da ma'auni ɗaya, kuma masana sun gwada girman bambancin. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin rasa abu ya fi daɗin samun kwatankwacinsa nauyi, a 1992 kuma suka kimanta nauyin ya kai wajen ninki biyu da kwata. Wato in damar samu da ta rashi daidai suke, yawancin mutane ba za su yarda su shiga abin da za su iya rasa 100 ba sai an nuna musu ribar da ta haura 200. A wani gwaji da aka wallafa a 1990, an raba wa rabin ɗaliban aji kofuna, aka ce masu kofi su sayar, marasa kofi su taya. Masu kofin sun nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya. Kofin bai canza ba, 'yan mintunan da ya yi a hannu ne suka ƙara masa daraja a idon mai shi. Aikin da mutum ya shekara biyar a kai ba sai an faɗa ba.

Amma kada wannan ya sa a ce duk tsoron asara wauta ne. Asara iri biyu ce: akwai mai ciwo, akwai mai karya mutum. Tsoron ta biyun yana kan gaskiya, lissafi ma yana bayansa. Wanda ya rasa kashi 20 cikin 100 na jarinsa yana buƙatar ribar kashi 25 ya dawo inda yake. Wanda ya rasa rabi sai ya ninka abin da ya rage. Wanda ya rasa kashi 90 kuwa sai ya ninka sauran sau goma. Rami yana ƙara zurfi, fitowa tana ƙara wuya fiye da yadda ido yake gani.

Saboda haka a ɗauki takarda da biro, ba a ka za a yi wannan aikin ba. A rubuta mafi munin abin da zai iya faruwa a hankalce, ba wanda fargaba take zanawa da tsakar dare ba, kuma a rubuta shi da lamba: nawa za a rasa, wata nawa za a ɗauka kafin a farfaɗo, kuma shin asarar za ta taɓa abin da ba a maye gurbinsa, irin su wurin kwana, lafiya, abin ciyar da iyali, amanar wani, ko bashin da ba za a iya biya ba. In ta taɓa ɗaya daga cikinsu, ƙarin tunani ba zai gyara komai ba, girman abin da aka sa a gaba ne za a rage. A ware kuɗin buƙatun gida na wata uku zuwa shida waɗanda ba za a taɓa ba, a shiga da wani kaso na abin da ya saura, ba da rance ba. In kuma amsar ita ce "zan ji jiki wata huɗu in miƙe", to wannan mai ciwo ce, kuma ita ce zuciya take ninkawa biyu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a lissafa haɗarin tafiya a manta da kuɗin zama. Mutane suna jan layi biyu, amfanin sabon abu da illarsa. Akwai layi na uku: in ban yi komai ba, ina zan kasance nan da shekara uku? Albashin da hauhawar farashi take ci, ƙwarewar da ba ta ƙaruwa, damar da za ta rufe. "Da muguwar rawa gara ƙin tashi" magana ce mai daɗin faɗa, sai dai ƙin tashin ma ana biyan kuɗinsa, a hankali ake cire shi shi ya sa ba a jin zafi.

Abu na ƙarshe daga ɓangarena. Masanin tattalin arziki Paul Samuelson ya ba da labari a 1963 cewa ya yi wa abokin aikinsa tayin a jefa kwabo: in ya ci ya karɓi dala 200, in ya faɗi ya biya dala 100. Abokin ya ƙi, amma ya ce zai yarda in sau ɗari za a yi. Ba caca nake tallatawa ba, lissafin nake so a duba. A jifa ɗaya, rabi da rabi ne a yi asara. A jifa ɗari, sai an ci ƙasa da sau 34 za a tashi da asara, kuma yiwuwar hakan kusan ɗaya ce cikin 2,300. Ƙananan shawarwari na rayuwa sun fi kama da jifa ɗarin nan. Wanda yake ɗaukar kowacce a matsayin ita kaɗai ce zai ƙi dukkansu, ya tashi a tutar babu. Sharaɗin dai shi ne kada a samu jifa guda da za ta iya fitar da kai daga fagen gaba ɗaya.

Malama Mai Sauraro:

Malam Ɗan Ƙididdiga ya yi maganin asara, bari in ɗauki ɓangaren tunanin kansa, domin akwai wanda zai cika takardar nan tsaf kuma ya koma tufka da warwara washegari.

Akwai gwaji mai sauƙi na raba tunani mai amfani da na banza. Bayan rabin awa ana tunani, a tambayi kai: wane sabon abu na sani yanzu, kuma wane aiki ya fito daga ciki? In an samu "zan kira wane in tambayi sharuɗɗan kwantiragin" ko "zan duba nawa nake kashewa a wata", tunani ne. In kuwa tambayoyin jiya ne suka dawo da amsoshin jiya, wannan maimaici ne kawai. Susan Nolen-Hoeksema ta shafe shekaru tana nazarin irin wannan juya magana a zuci, kuma binciken nata ya nuna yana tsawaita baƙin ciki, yana kuma rage wa mutum iya warware matsala, alhali mai yinsa yana jin kamar aiki yake yi. Ana gane shi da siffar tambayar. "Me ya sa kullum ni?" da "in kaza ya faru fa?" ba su da ƙarshe. A juya su zuwa "in kaza ya faru, me zan fara yi a ranar?" sai su zama tambayoyi masu amsa.

Kada a yi ƙoƙarin danne tunanin da ƙarfi. Daniel Wegner ya gwada wannan a 1987: an ce wa mutane kada su tuna farin beyar (wata babbar dabbar daji), sai tunanin ya yi ta faɗo musu, bayan an ɗage hanin ma ya ƙaru. Abin da ya fi aiki shi ne a ba damuwa lokacinta, dabarar da Thomas Borkovec da abokan aikinsa suka fito da ita a 1983. Ga yadda ake yi. A zaɓi minti 20 zuwa 30 a kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, ba a kan gado ba kuma ba dab da barci ba. Duk sa'ad da damuwar ta taso a wani lokaci daban, a rubuta ta a layi ɗaya, a ce "sai ƙarfe biyar", a koma kan abin da ake yi. In lokacin ya yi a buɗe takardar, a raba abubuwan gida biyu: wanda akwai abin yi a kansa a rubuta matakinsa na gaba da ranar yi, wanda babu a bar shi a rubuce. Lokaci na cika a tashi, ko da ba a gama ba. Inda mutane suke ɓata dabarar shi ne su ɗage damuwar amma su ƙi zuwa zaman, sai zuciya ta daina yarda da alkawarin. Kuma kwanakin farko sukan yi wuya, a ba abin mako biyu kafin a ce bai yi ba.

Yana da kyau a riƙa komawa kan tsofaffin takardun a sa alama: wanne ya faru, wanne bai faru ba? A wani ƙaramin bincike da aka yi a Amurka kan masu fama da matsananciyar damuwa, sama da kashi 90 cikin 100 na abubuwan da suka rubuta suna tsoro ba su auku ba. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka lissafin da mutum ya tara da hannunsa ya fi wannan lambar amfani a gare shi.

Sai batun yawan neman shawara, wanda ba a cika zarginsa ba don yana kama da hankali. Tambayar mutum na farko da na biyu neman sani ne. Tambayar na takwas neman sanyin zuciya ne, kuma kamar susar ƙaiƙayi yake: daɗi na ɗan lokaci, sannan ya dawo ya fi da. A taƙaita ga mutum biyu ko uku, ɗaya wanda ya yi abin ya dace, ɗaya wanda ya yi bai dace ba, kuma a je musu da tambaya tsayayya. "Me kake gani?" ba tambaya ba ce. "Wane kashe kuɗi ne ya zo maka ba zata a wata shidan farko?" ita ce tambaya.

A ƙara da cewa hasashenmu na zafin asara yakan wuce abin da muke ji in ta zo. Daniel Gilbert da Timothy Wilson sun nuna wannan a gwaje-gwaje da dama: mutum yana manta cewa zai saba, zai nemi mafita, sauran rayuwarsa kuma ba za ta tsaya ba.

Gargaɗi ɗaya, ɗan'uwa. In damuwar ba ta tsaya kan shawara guda ba, ta mamaye komai, kusan kullum har wajen wata shida, ga rashin barci, ga ɗaurewar jiki, ga saurin fushi da kasa tattara hankali, wannan ya wuce batun dabarar yanke shawara. A ga likita ko masanin halayya. Ana maganinsa, kuma ba abin kunya ba ne.

Baba Mai Tsari:

Na yarda da mafi yawan abin da aka faɗa, amma ina da ja kaɗan da Ɗan Ƙididdiga. Takarda da lamba suna da nasu tarkon. Mai yawan tunani in ka ba shi jadawali, sai ya mayar da jadawalin sabon wurin ɓuya: ya ƙara layi, ya canza maki, ya sake tarawa, yana jiran lambobi su ɗauke masa nauyin zaɓi. Don haka kafin a taɓa biro a fara yanke abu biyu: ranar da za a rufe magana, da sharuɗɗan da in sun cika an gama.

Tsawon wa'adin ya danganta da ko ana iya dawowa. Jeff Bezos na kamfanin Amazon ya raba shawarwari gida biyu a wasiƙarsa ga masu hannun jari: ƙofar da in ka shiga za ka iya fitowa, da wadda in ka shiga ta rufe ke nan. Ya kuma ce yawancin shawarwari a yanke su da kusan kashi 70 cikin 100 na bayanan da ake so, domin mai jiran kashi 90 yakan makara. Abin da ake iya warwarewa, kamar gwada wani kwas ko sayen ƙaramin kayan aiki, kwana ɗaya zuwa uku ya ishe shi. Wanda ba a warwarewa, kamar sayar da kadara ko sa hannu a yarjejeniya mai tsawo, a ba shi mako biyu zuwa huɗu, a rubuta ranar, a faɗa wa wani mutum guda da zai tambaya. Kuma sau da yawa ana iya mayar da babbar ƙofa ƙarama: a gwada sana'ar da yamma ko a ƙarshen mako na wata uku kafin a ajiye aiki, a nemi hutu maimakon murabus, a yi haya kafin a saya.

Sharuɗɗa kuwa kada su wuce uku ko huɗu, kuma a rubuta su kafin a fara kwatanta zaɓi, in ba haka ba zuciya za ta riƙa ƙirƙiro sabon sharaɗi duk sa'ad da aka kusa gamawa. Misali: kuɗin shiga kada ya gaza kaza, tafiya kada ta wuce awa ɗaya, akwai abin koyo. Zaɓin farko da ya cika su a ɗauka. Herbert Simon, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1978, shi ya bayyana cewa ɗan Adam ba shi da lokaci ko bayanin da zai gano mafi kyawun zaɓi a duniya, abin da yake iyawa shi ne ya samu wanda ya wadatar. Wani bincike na 2006 kan ɗalibai masu neman aiki ya nuna masu dagewa sai mafi kyau sun samu albashin farko da ya ɗara na sauran da kusan kashi 20 cikin 100, amma sun fi su rashin gamsuwa da aikin da suka samu. Kowa ya duba wanne yake so ya saya.

Tsoron da ya rage a ba shi zama ɗaya, a yi amfani da shi. Masanin halayya Gary Klein yana da dabara: ka ɗauka shekara ta wuce, abin ya rushe, ka rubuta dalilan rushewar cikin minti goma. A ɗauki manya uku, kowanne a yi masa rigakafi ko a sa masa alamar gargaɗi. Daga nan a rubuta iyakar fita: in asara ta kai kaza, ko in wata tara ya cika ba a kai kaza ba, zan tsaya. Dole a rubuta wannan tun kafin a shiga, saboda tsoron asarar da ya hana mutum shiga shi ne kuma zai hana shi fita. Ingila da Faransa sun ci gaba da zuba kuɗi a aikin jirgin saman Concorde bayan ya bayyana ba zai mayar da abin da aka kashe ba, har sunansa ya zama laƙabin wannan kuskure. Terrance Odean ma ya duba asusun masu hannun jari 10,000 a binciken da ya wallafa a 1998, ya ga sun fi saurin sayar da hannun jarin da ya yi riba, suna riƙe wanda yake faɗuwa, don kawai kada asarar ta tabbata a takarda.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura abu ɗaya, Baba. In an bi duk wannan, wa'adi ya cika, zaɓin biyu duk sun cika sharuɗɗa, babu kuma mai karya mutum a cikinsu, amma har yanzu sun yi kunnen doki fa?

Baba Mai Tsari:

To ai an gama, ɗana. In bayan bincike na gaskiya sun yi kunnen doki, ma'anarsa bambancin da ke tsakaninsu bai kai abin da za ka iya hangowa daga nan ba, kuma wata guda na ƙarin tunani ba zai nuna maka shi ba. Sai dai a tuna da maganar Ɗan Ƙididdiga: tunda zuciya tana ƙara wa abin da ke hannu nauyi, kunnen doki tsakanin zama da canji yakan nuna canjin ne ya ɗan fi. Steven Levitt ya gwada wannan da mutanen da suka rasa yadda za su yi, aka jefa musu kwabo a intanet sama da sau 20,000. Waɗanda kwabon ya ce su canza, suka kuma canza, a manyan al'amura irin su barin aiki, sun ba da rahoton sun fi jin daɗi bayan wata shida. A lura, masu kokwanto ne kaɗai aka gwada, su da kansu suka kawo kansu, kuma su suka faɗi yadda suke ji. Ba izini ba ne ga kowa ya ajiye aikinsa gobe.

Malama Mai Sauraro:

Ƙari kaɗan kan abin da ke biyo bayan yanke shawarar, don nan ne da yawa suke komawa ruwa. Kwanakin farko da-na-sani zai zo, kusan ko wane zaɓi aka yi. Thomas Gilovich da Victoria Medvec sun nuna a wajajen 1994 cewa a kusa mutane sun fi nadamar abin da suka aikata, in an daɗe kuma sun fi nadamar abin da suka ƙi yi. Don haka zafin makon farko ba hujja ba ce cewa an yi kuskure.

A ranar da aka tsai da magana a rubuta rabin shafi: me na sani a yau, me na zaɓa, saboda me, wace iyaka na sa, kuma yaushe zan sake dubawa, a ce bayan wata uku. A yi matakin farko cikin awa 48, ko aika saƙo ne ko cika takarda, tun kafin tufkar ta warware. Tsakanin yau da ranar dubawa ba a sake buɗe maganar sai in sabon bayani ya zo, kuma sabon bayani yana nufin abin da ba ya cikin rabin shafin nan: sharaɗin kwantiragi ya canza, lamba ta fito saɓanin yadda aka zata, ɗaya daga alamomin gargaɗi ta bayyana. Faɗuwar gaba da asuba ba ta cikin lissafin, a rubuta ta a ajiye wa zaman ƙarfe biyar.